Jawabi Kan Kayan Tarihin Bini: Sun Fara Dawowa, Amma Wa Zai Riƙe Su?



Maganar yau ta shafi kayan tagulla da na hauren giwa na masarautar Bini, watau waɗanda sojan Ingila suka kwashe a shekarar 1897, sa'ad da suka ci birnin da yaƙi, suka tura Oba Ovonramwen zaman dole a Kalaba, inda ya rasu a 1914. Dubban kayan nan an watsa su cikin gidajen tarihi na Turai da Amurka.

Dattawan da suka zauna a Ikko a 1977 ba za su manta da bikin FESTAC ba. Fuskar hauren giwa ta Idia, mahaifiyar Oba Esigie, ita ce tambarin bikin. Nijeriya ta roƙi babban gidan tarihi na Landan ko da aro ne, aka hana ta, dole aka sassaƙa wata a nan gida. Har yau wajen guda 900 na can, hujjarsu kuwa wai wata dokar 1963 ta ɗaure musu hannu.

To, amma al'amari ya soma sakewa. A 2022 Jamus ta amince ta mallaka wa Nijeriya sama da guda 1,100. A 2025 ƙasar Holan ta maido da 119.

Sai dai dawowar ta tā da sabuwar gardama. A 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da sanarwa cewa Oba Ewuare na Biyu shi ne mai kayan. Waɗansu Turawa suka yi ta gunaguni, wai abin jama'a ya koma hannun mutum ɗaya. Wannan magana ba ta da ƙarfi: daga fada aka ɗauka, wanda kuma ya daɗe yana riƙe da kayan ganima ba shi ne zai zaɓa wa mai kaya ma'aji ba. Duk da haka, tambaya ɗaya tana nan daram: yaushe ɗan makaranta da talaka za su shiga su gani da idonsu?

Kada mutumin Arewa mazaunin Sabo ko Agege ya ce wannan rigimar Binawa ce. Gumakan yumɓu na Nok, a kudancin Jihar Kaduna, waɗanda suka haura shekara 2,000, an daɗe ana tone su a ɓoye ana fita da su, kuma sau da yawa ta hannun fatake da dillalai suke bi kafin su kai tashar jirgi. Doka mai lamba 77 ta 1979 ta hana cinikin irin waɗannan kaya da fitar da su ba tare da izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ba. Duk direba ko ɗan kasuwar da aka ba irin wannan saƙo ya sani, in an kama kaya a mota, shi za a fara tsarewa, ba mai saye da ke zaune a Faransa ba.