Ina Za Mu Kai Mai Son Barin Shaye-shaye? Shawara ga Anka, Gummi da Bukkuyum

 

Wata baiwar Allah ta taɓa tare ni a ƙofar asibiti, ta ja ni gefe tana murza bakin mayafinta. Ɗanta ya dafa Alƙur'ani har sau uku a kan ya bar sha, sau ukun yana komawa. Ta ce, "Malam, don Allah ina zan kai shi?" Tambayar nan ce ta tsayar da ni gabanku yau.

Tun daga 27 ga Janairun 2000, da shari'ar Musulunci ta fara aiki a Zamfara, aka rufe gidajen giya, kuma mun ga alherin haka. Sai dai kwalbar ta koma bayan gari, ƙwaya ta shigo ta aljihu. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya gano 'yan Najeriya miliyan 14.3 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, ban da masu shan giya. Mu a nan ba sai an karanto mana adadi ba. Bagega, Dareta da 'Yargalma, waɗanda duniya ta san sunansu a 2010 lokacin da gubar dalma ta kashe yara kusan 400, sun san saurayin da ke kora tiramol da shayi tun asuba kafin ya sauka ramin zinari. Mun san wanda 'yan bindiga suka raba da gonarsa, ya kasa barci, ya nemi abin da zai kashe masa tunani.

To, idan irin wannan ya ce ya gaji, ina ya nufa? Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware, can gaba da Sakkwato, ga kuɗin mota ga fargabar hanya. Wasu iyayen sai su nufi gidan mari. Ba mu manta Satumbar 2019 ba, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Mari yana riƙe ƙafa na wata shida, ran da aka kwance shi yaro ya tarar da tsofaffin abokansa suna nan inda ya bar su.

Akwai wata hanya. A 1935, a garin Akron na Amurka, mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka lura cewa idan suka zauna suka faɗa wa juna gaskiyar halinsu, sukan wuni ba su sha ba. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali. A 1989 Musulmin birnin Baltimore suka kafa tasu, Millati Islami, suka ɗora ta a kan tuba da tawakkali. Sirrin abin guda ne: ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wanda ya taɓa kwana yana makyarkyata saboda rashin kwalba shi ne mashayi zai saurara ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Addininmu ma bai rufe wannan ƙofa ba. Haramcin giya ya sauka ne mataki-mataki, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida. Bukhari kuma ya ruwaito labarin sahabin da aka sha yi wa haddi a kan giya, wani ya la'ance shi, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya shaide shi da son Allah da Manzonsa.

Shawarata ita ce kowane gari ya kafa majalisar masu barin shaye-shaye. Zaman majalisa ba baƙonmu ba ne. Tabarma biyu, butar shayi da ɗaki mai ƙofa sun wadatar, sau ɗaya a mako bayan la'asar, don kowa ya isa gida da ido. Abin da aka faɗa a ciki amana ne. Ba a rubuta suna, ba a karɓar kuɗi, ba a yi wa kowa gori. Wanda ya shekara bai sha ba ya riƙe sabon shiga, ya amsa kiransa ko da tsakar dare. Wanda ya zame ya dawo, a matsa masa wuri. Mata su yi tasu daban, ƙarƙashin mace.

Ga gargaɗi. Wanda ya daɗe yana shan giya kullum kada ya yanke dare ɗaya shi kaɗai, domin cikin kwana biyu zuwa uku yana iya jijjiga, ya riƙa gane-gane, har a rasa shi. Ya fara da ganin likita a babban asibitin Anka, Gummi ko Bukkuyum, sannan majalisa ta karɓe shi.

Ina roƙon sarakunanmu su ba da ɗaki. Limamai su sanar a huɗuba. 'Yan Hisba da jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA su bi dillali, su ɗaga wa mai zuwa neman tuba ƙafa, don in aka kama mutum guda a ƙofar majalisa, ba mai sake zuwa.

Ranar da waccan uwa ta tambaye ni, haƙuri kawai na iya ba ta. Ina fata in wata ta tare ɗayanku baɗi, zai ce mata, "Inna, kawo shi ranar Laraba bayan la'asar, 'yan'uwansa suna jiransa."

Allah ya shirya mana zuri'a, ya dawo mana da zaman lafiya.