KARATUN AIKIN KATAKO: INA RABON 'YA'YAN SABO A SIKOLASHIF?

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a gaban iyayen yara da shugabannin 'yan kasuwa 'yan Arewa mazauna Badun, game da karatun aikin katako da hanyoyin samun kuɗin yinsa.



Duk wanda ya shiga kasuwar katako ta Bodija da hantsi ba zai rasa ganin 'yan Arewa ba. Su ne ke sauke falankai daga mota, su ne ke tura kura, da dare kuma su ne masu gadi. Amma in aka nemi wanda ke tsaye a kan injin tsaga gungume, ko mai wasa haƙoran zarto, ko wanda ke riƙe da takarda yana lissafin yawan falankin da itace ɗaya zai bayar, sai a sha wuya kafin a sami ɗan Arewa ɗaya a cikinsu. Haka abin yake a Ikko da Benin da Sapele. Tun 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Badun, watau yau fiye da shekara ɗari ke nan suna zaune a bakin kurmi, sun riƙe cinikin goro da na shanu, amma itacen da ke kewaye da su ba su ci moriyarsa ba sai ta wajen dako.

Ba wai Bahaushe baƙo ne ga itace ba. Masassaƙi ne ya yi turmi da taɓarya da akushi da ƙotar fartanya da allon da yaro ya fara karatu a kansa, gizago da gatari kuwa tsofaffin kayan aiki ne a ƙasar Hausa. Sai dai da aikin kafinta ya zo a zamanin Turawa, da zarto da ƙusa da awo, yawancin waɗanda suka rungume shi a biranen Arewa baƙi ne daga Kudu, 'yan gida kuwa suka ɗauke shi aikin wanda bai sami abin yi ba. Har yanzu akwai uban da in aka ce ɗansa zai koyi kafinta sai ya ga kamar an rage masa daraja, alhali kuwa ya tabbata a hadisi cewa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kafinta ne.

Wani zai ce, to, me ya kai kafinta makaranta, ba ga shagon maigida nan ba? Gaskiya ne, yaro yakan koyi riƙon guduma da haɗa kujera a shago, kuma babu makarantar da za ta ba shi wannan hannun. Amma akwai abin da shago ba ya koyarwa. Ɗanyen itace cike yake da ruwa, wani ma rabin nauyinsa ruwa ne. In aka tsaga shi aka yi ƙofa ko gado a Badun inda iska ke da laima, aka ɗora a mota aka kai Kano ko Sakkwato, da hunturu ya buso sai katakon ya ci gaba da bushewa, ya motse, ya tsage, mahaɗinsa ya saki. Uwar amarya ta ce kafinta ya cuce ta, kafinta ya ce mai katako ne, alhali abin da aka rasa shi ne mutumin da ya san yadda ake jera falanki a busar da shi, ko a sa shi a ɗakin busarwa, a kuma auna ruwan da ya saura a cikinsa kafin a taɓa shi da zarto. Haka nan maganin da ake shayar da katako don gara da ƙwaro, da sanin wane itace ya dace da rufin ɗaki wane ya dace da kujera, da bambancin loko da maɗaci da afara da malaina, da yadda ake manna siraran yanka a yi filawud, duk ilmi ne mai littafi da jarrabawa. Masana sun daɗe suna kokawa cewa a yawancin injinan tsaga katako na ƙasar nan kusan rabin gungume ne ke zama falanki, saura ya tafi a ɓawo da gari. Wanda ya taɓa bi ta kan doguwar gadar Ikko ya hangi hayaƙin da ya yi shekaru yana tashi daga Okobaba a Ebute Metta, to, dukiya ce ya gani tana ƙonewa.

Asarar rashin wannan ilmi ba ta tsaya a Kudu ba. A shekarun baya-bayan nan an yi wa itacen madobiya ɗibar karan mahaukaciya a dazuzzukan Taraba da Adamawa da Kogi, ana loda shi gungume-gungume zuwa ƙasar Sin, duk da cewa tun 1976 Nijeriya ta hana fitar da ɗanyen gungume waje. Sai da aka sa madobiya cikin jerin itatuwan da duniya ke sa wa ido a 2016, aka kuma dakatar da cinikinsa daga Nijeriya a 2018. Mutanen karkara sun karɓi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ribar kuwa ta tafi ga waɗanda suka san yadda ake mai da shi kayan ɗaki masu tsada. A ɗaya gefen kuma, cikin kayayyaki 41 da Babban Bankin Nijeriya ya hana wa kuɗin musaya a 2015 har da filawud da ƙofofin katako da kayan ɗaki da tsinken sakace, domin duk daga waje ake shigo da su. An janye hanin a 2023. Ƙasar da ke da garin Sapele, wanda har wani itace ya ci sunansa a kasuwannin duniya, ita ce ke sayen tsinken sakace a ƙetare.

Makarantun ba nesa suke ba. A nan Badun, a unguwar Jericho, akwai Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya, tana ƙarƙashin Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Nijeriya, kuma tana ba da difloma a fannin sarrafa katako da takarda. Ƙanwarta tana Jos tun 1958, akwai kuma wata a Afaka kusa da Kaduna mai koyar da aikin injinan daji. Jami'ar Badun ta buɗe sashen gandun daji a 1963, tana kuma horar da injiniyoyin sarrafa katako. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ita ma tana da sashen gandun daji da fasahar katako. Ƙaramar difloma shekara biyu ce, sai shekara ɗaya ta aiki a masana'anta, sannan shekara biyu na babbar difloma. Ana shiga ta hanyar JAMB, da kiredit biyar waɗanda suka haɗa da Turanci da lissafi da darussan kimiyya. Yaron da bai kai nan ba yana da ƙofar kwalejojin fasaha, inda ake koyon kafinta da yin kayan ɗaki a ɗauki jarrabawar NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992. Wanda ya riga ya ƙware a shago kuwa yana iya ɗaukar gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, daga mataki na uku zuwa na ɗaya, ya sami takardar da zai nuna in ana rabon kwangila.

Saura batun kuɗi, wanda shi ne ya tara jama'a a nan. Iyaye da yawa suna kiran kowane taimako sikolashif, amma abubuwan sun bambanta, kuma rashin sanin bambancin yakan sa a nemi abu a inda ba ya nan. Sikolashif na Gwamnatin Tarayya kyauta ne, ba a biya, amma gasa ake yi: ba a ba ɗan ajin farko, sai wanda ya riga ya shiga makarantar gwamnati ya nuna maki mai yawa, kuma ɗaliban babbar difloma suna cikin waɗanda ake karɓa. Akwai kuma bashin karatu na asusun NELFUND, wanda aka sa hannu a kan dokarsa a watan Afrilu na 2024. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, yana ba ɗalibin da ya nema Naira 20,000 a wata don ciyar da kansa, ba a fara biya sai shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, sa'an nan a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum yake samu. Abin da ya kamata malamai su bayyana wa jama'a shi ne bashin ba shi da ruwa, domin akwai iyayen da suka hana 'ya'yansu nema don tsoron riba. Amma bashi ne, kuma bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda ya ci ya san zai biya. Sai ɗalibi ya tanadi lambar JAMB da lambar katin ɗan ƙasa da ta banki, ya kuma tabbata makarantarsa ta aika wa asusun da sunansa. Bayan waɗannan, a 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar cewa karatu a kwalejojinta na fasaha kyauta ne, har da ɗan alawus ga ɗalibai.

Na ƙarshe shi ne tallafin da hukumomin sikolashif na jihohi ke ba 'ya'yansu, kuma a nan ne ɗan Sabo ke faɗawa rami. An haife shi a Badun, a nan aka haifi ubansa, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, ubansa bai taɓa fashin biyan haraji ba. Ya je neman tallafin jihar da yake zaune, a ce masa na 'yan asalin jiha ne, ya koma jiharsu. Ya rubuta wa jihar kakanninsa, a ce ya kawo takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma. Ya isa ƙaramar hukumar, a ce sai da sa hannun mai unguwa da dagaci ko hakimi. Ya je ƙauyen, ya tarar wanda ya san kakansa ya rasu, shi kuwa Hausarsa ma ta Kurmi ce, ana masa kallon baƙo. Ya zama jemage, shi ba tsuntsu ba shi ba dabba ba. Kafin a gama wannan safa da marwa an rufe karɓar takardu, kuɗin motar da aka kashe kuma wataƙila ya fi abin da za a ba shi. Yara nawa ne suka bar karatu a daidai wannan gaɓa suka hau babur? Da Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, ta ƙara huɗu a watan Satumba, kowa ya ga yadda samari suka wayi gari ba babur ba sana'a.

Ana iya jayayya a kan ko daidai ne a riƙa tambayar yaro garin kakansa kafin a taimake shi ya yi karatu, kuma jayayya ce da ta cancanci a kai ta majalisa. Amma kafin doka ta sake, yaron da ke aji uku na sakandare yau ba zai jira ba. Laifin da ke wuyan iyaye shi ne bari sai ranar da ake bukatar takarda sa'an nan a tashi nemanta. Uban da ke zuwa gida duk babbar salla, ko duk lokacin da aka yi rasuwa ko biki, ba abin da zai hana shi tafiya da ɗansa ya gabatar da shi ga mai unguwa da dagaci tun yaron yana firamare, a karɓi takardar a ajiye tare da ta haihuwa. A kuma lura sunan da ke kan takardun ya zama iri ɗaya. Yaro ya zama Muhammadu a takardar haihuwa, Mohammed a ta makaranta, Mamman a ta banki, kwamfuta kuwa ba ta san duk mutum ɗaya ba ne, sai ta yar da shi. Fadar Sarkin Hausawa a kowane gari tana iya buɗe littafi na yaran da ke sakandare, da jihohinsu da ƙananan hukumominsu, ta wakilta mutum ɗaya mai ilmi ya riƙa bin sanarwar hukumomin sikolashif, domin jihohi ba sa buɗewa lokaci ɗaya, wasu ma sai su yi shekara ba su buɗe ba. Ofisoshin hulɗa da jihohin Arewa ke da su a Ikko wuri ne da ya kamata a matsa wa lamba a kan wannan.

Akwai kuma abin da babu hukumar da ke biya, watau kayan aiki. Ɗalibin katako yana bukatar zarto da guduma da abin awo da takalmin aiki, yana bukatar kuɗin mota da na abinci a watannin da ake tura shi masana'anta a ƙarƙashin shirin da asusun ITF ya fara a 1973, wanda alawus ɗinsa yakan zo a makare. In ya gama kuma yana bukatar inji ko da ɗaya ne da zai fara da shi. Ƙungiyoyin dillalan shanu da na goro da na albasa da tumatir suna tara kuɗi duk mako don bukatun kasuwa da jana'iza da belin wanda aka kama. Da kowace za ta ɗauki nauyin kayan aikin yaro biyu a shekara, da sharaɗin in ya buɗe shago ya karɓi yara biyu daga unguwa ya koya musu, da ba a jira kowa ba. Kasuwa kuwa tana nan a buɗe, domin babu amaryar da ake kai wa ɗaki a Agege ko Shagamu ko Sabo ba tare da gado da kujeru da kabad ba, kuma a yanzu kuɗin nan aljihun wasu yake shiga.

JAMB takan fara sayar da fom a farkon shekara, NABTEB kuwa tana yin jarrabawarta sau biyu, ta 'yan makaranta a tsakiyar shekara, ta masu zaman kansu a ƙarshenta. Iyayen da ke da yara a aji biyu da aji uku na babbar sakandare ana roƙonsu su tsaya bayan an tashi, su ba da sunan yaro da jiharsa da ƙaramar hukumarsa, a kuma rubuta ko yana da takardar shaidar asali ko babu.