Wanda Ya Samu Sauƙi, A Ba Shi Jari



Batunmu na yau ɗan'uwanmu ne mai taɓin hankali da ya samu sauƙi. Ya sha magani, ya dawo gida, amma har yanzu sunansa mahaukaci. Ba mai ba shi aiki. Ba mai ba shi bashi. Zaman banza kuwa yakan tayar da ciwon.

To, dangi, a ba shi jari. Buhun albasar Galmi guda ya isa farawa. Ya kasa a bakin kasuwa, yana ci gaba da shan maganinsa. Wanda ka saba ciniki da shi kullum, da wuya ka bar yara su jefe shi.

Jama'a, in kun gan shi ya kasa kaya, ku tsaya ku saya. A huta lafiya.