Buri Da Ban-Ruwan Albasa



An ɗora mini nauyin in yi magana a kan yadda mutum zai riƙe himmarsa har ya kai ga burinsa. Ni ba gwani ba ne a wannan fage, domin sau biyu na zauna jarrabawar shiga jami'a kafin in sami gurbi. Saboda haka abin da zan faɗa ba daga littafi na ɗebo shi ba, daga lambun albasa na koyo shi.

Ni daga Fagada na fito, kuma duk wanda ya san yankinmu na Jega da Aliero da Maiyama ya san cewa idan damina ta ɗauke ba mu shiga hutu ba. Albasar Aliero kuwa ba sai an yi mata talla ba, manyan motoci ke kwasarta zuwa kudancin ƙasar nan har da ƙasashen maƙwabta. To, amma mai ganin buhuna a kasuwa bai ga rabin labarin ba. Da fari sai an yafa iri an yi renonsa wajen mako shida, sa'an nan a cire a dasa a fangali, daga nan kuma a shiga ban-ruwa na wata uku ko fiye. Ranar dashe kowa da zumuɗinsa, ana raha ana aiki. Ranar cira ma haka. Inda ake gane manomi shi ne tsakanin ranakun nan biyu, lokacin da babu abin kallo sai ganye, ga sanyin hunturu da asuba, ga kuɗin man injin ban-ruwa kullum suna fita, ba ko kwabo da ke shigowa.

Shekarar da na faɗi jarrabawa, kawuna ya ba ni 'yan fangaloli ya ce in kula da su. Na fara da zafi, sai gajiya ta kama ni, na yi kwana tara ban leƙa ba. Da na dawo na ce bari in rama, na cika su da ruwa har suka yi tafki. Kawu ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Ɗana, albasa ba ta karɓar bashi." Gaskiyarsa kuwa, domin saiwarta ba ta nitsewa can ƙasa, ruwan sama-sama take sha, wanda bai zo a kan kari ba ya wuce ke nan. Da aka zo cira, nawa rabi ƙanana ne, wasu kuma sun tsage. A wurin na gane dalilin faɗuwata. Haka na yi da karatu: na rubuta babban buri a bangon ɗaki, na yi mako biyu ina kwana a kan littafi, na yi wata biyu ban buɗe shi ba, sa'an nan na so in haɗiye kome a makon ƙarshe.

Don haka, 'yan'uwa, ra'ayina shi ne mun cika dogara ga zumuɗi, alhali kuwa zumuɗi baƙo ne, kwana kaɗan yake yi ya tafi. Manomi ba ya tambayar zuciyarsa ko tana sha'awar ban-ruwa yau. Ya riga ya yanka gonarsa fangali-fangali, ya san adadin da zai shayar kafin hantsi. A zama na biyu abin da na yi ke nan. Na bar zancen "zan ci jarrabawa", na koma ga shafi huɗu bayan sallar asuba, kullum, ko ina so ko ba na so. Na kuma sami aboki wanda kowace Juma'a yake tambayata inda na tsaya, kunyar idonsa ta tashe ni a ranakun da buri ya kasa tashe ni. Wannan bai tsaya ga ɗalibi ba. Ma'aikacin da ke son tara kuɗin fili ko na ƙaro karatu, idan ya ce sai abin da ya rage a ƙarshen wata zai ajiye, to, ba abin da zai rage. Iyayenmu mata da ke zubin adashi sun riga mu gane wannan.

Akwai kuma katsewar da ba laifin mutum ba. A shekarar 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Da yawa sun koma aji kamar ba su taɓa shiga ba, wasu ma ba su koma ba sam. Waɗanda na ga sun tsira su ne waɗanda suka rage rabon yau da kullum amma ba su yanke shi ba.

Kada kuma wanda gwiwarsa ta yi sanyi ya ɗauka shi ke nan tasa ta ƙare. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu, wanda jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006 take ɗauke da sunansa yanzu, shi ma ya taɓa kai wa wannan gaɓa. A wajen 1807, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'a, sai ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. Da ya iso Kano mutanen garin suka riƙe shi suna neman ya koyar da su. Bai zauna yana ƙunci ba, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake gudanar da mulki bisa shari'a, daga bisani ya koma gida ya ci gaba da aikin da ya bari. Babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili, bayan komawar nan ya kammala shi.

Zangon karatun nan da muke ciki ya wuce dashe, cira kuma da saura. Ina roƙon kowa, kafin ya kwanta yau, ya rubuta abin da zai yi gobe bayan asuba, da sunan wanda zai tambaye shi ranar Juma'a.