Ma'aunin Rabin Aji A Makarantun Gwamnati Na Ƙasar Zuru

  

Ya ku 'yan'uwa iyaye da malamai, maganata a yau a kan ajin nan ne da muke kira rabin aji, watau wanda ake buɗe wa 'yan shekara biyar a makarantun firamare na gwamnati kafin su shiga aji ɗaya. Mai hali ya kai ɗansa makarantar kuɗi. Talaka kuwa, wannan aji shi ne nazarensa. Idan ya lalace, an bar ɗansa a baya tun ba a fara tafiya ba.

Mu fara sanin cewa wannan aji hakki ne, ba alfarma ba. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilmin tushe, ta kuma ware wa ilmin tushen kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar Tarayya. Jiha ba ta karɓar rabonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Manufar ilmi ta ƙasa ta 2013 kuma ta ƙara shekara ɗaya ta share fage a cikin tsarin karatu. Alhakin zartar da wannan a Jihar Kebbi yana wuyan hukumar SUBEB da ke Birnin Kebbi, da ofisoshin ilmi na ƙananan hukumominmu huɗu: Zuru, Fakai, Sakaba da Danko/Wasagu.

To, da me za mu gane makaranta kaza ta fi makaranta kaza? Yawancinmu fenti muke dubawa da kayan makaranta, alhali ba a nan gizo ke saƙa ba.

Ma'auni na farko shi ne malami. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan ita ce NCE, kuma a kwalejojin ilmi akwai sashe na musamman domin tarbiyyar ƙananan yara. Ku tambayi hedimasta: wa ke riƙe da rabin aji? Wanda ya koyi aikin ne, ko kuwa wanda aka rasa inda za a kai shi? Makarantar da ke tura mafi raunin malamanta ga mafi ƙanƙantar yaranta ta gina soro a kan rairayi.

Na biyu, yawan yara. Manufar ilmi ta ce malami ɗaya ga yara 25. A nan ne gari da ƙauye suke shan bamban. A cikin garin Zuru ciwon shi ne cunkoso: malami yana nan, amma yara sun fi ƙarfinsa, sai bulala ta zama darasi. A ƙauye kuwa yaran ba su kai haka ba, amma malaman ne ba su isa ba, sai a haɗa rabin aji da aji ɗaya a ɗaki guda. Saboda haka kada ɗan ƙauye ya ɗauka duk makarantar gari ta fi tasa. Aji mai yara 30 da malama mai zuwa kullum ya fi aji mai rufin kwano sabo da yara 100.

Na uku, ruwan sha da makewayi da tabarma. Yaron da ke jin ƙishirwa ba ya jin karatu, kuma inda babu makewayi cuta ba ta nisa.

Na huɗu, harshe. Yaro ya tashi da C'lela ko Hausa a gida. Ko da yake a 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar mayar da Turanci harshen koyarwa, malamin da ba ya iya lallashin ɗan shekara biyar da harshen da yake ji, haddar aku kawai zai ba shi. Ku saurara: yaran suna amsa tambaya ne, ko maimaita ihu suke yi?

Na biyar, nisa da tsaro. Ba mu manta da abin da ya faru a Maga ba ranar 17 ga Nuwamba, 2025, lokacin da 'yan bindiga suka kashe mataimakin shugaban makarantar sakandaren 'yan mata, suka sace ɗalibai fiye da 20. Ƙaramin yaro ba ya iya gudu. Makaranta ta kusa da gida, mai katanga, wadda mutanen unguwa ke sa wa ido, tana da fifikon da allo ba zai nuna ba.

'Yan'uwa, wannan awo ba domin tozarta kowa ba ne. Kowace makaranta ya kamata ta kasance da kwamitin iyaye da jama'ar gari mai sa ido a kanta. Ku shiga ciki. Ku ziyarci ajin ranar da ba a san da zuwanku ba, ku ƙirga yaran, ku rubuta abin da kuka gani, ku kai wa sakataren ilmi cikin ladabi, ku koma ku ji amsa. Malamar da kuka samu tana ƙoƙari kuma, ku yaba mata a bainar jama'a.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaran nan amana ce da za a tambaye mu. Allah Ya ba mu ikon sauke ta, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.