Daga Ajin Yaƙi Da Jahilci Zuwa Rubuta Littafi



Akwai abin da malaman aji suka saba gani. Ɗalibi ya iya rubuta sunansa. Ya iya rubuta wasiƙa zuwa Jega. Ya iya lissafin buhunan albasar da ya kai Aliero. Amma da malam ya ce kowa ya rubuta labari, sai ya rufe takardarsa da hannu. Yana tsoron a yi masa dariya. A ganinsa, rubuta littafi sai wanda ya je jami'a.

To, ga labarin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano. An cire ta daga firamare, aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya. Auren bai daɗe ba ya mutu. Daga baya ta shiga ajin manya irin wannan, ta ƙware a karatu da rubutun Hausa. A 1987 ta fitar da littafinta na farko, Budurwar Zuciya. A 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne. Ta kuma rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan yarinyar da aka raba da makaranta. Abin da ta gani da idonta ta rubuta. A 2012 aka buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci a ƙasar Indiya.

Malam Ado Ahmad Gidan Dabino ma makarantar allo ya fara yi. Sai da ya girma ya shiga ajin yamma a Kano. Shi ne ya rubuta In Da So Da Ƙauna. Shi da Hajiya Balaraba da wasu marubuta sun haɗu a ƙungiyar Raina Kama. Kowa ya san ƙarshen karin maganar nan.

Me aji yake ba mai son rubuta littafi? Ba haruffa kaɗai ba. A aji mutum yake fara miƙewa ya karanta abin da ya rubuta a gaban jama'a. Ranar farko murya tana rawa. Malam ya gyara masa ƙ da ɗ da ɓ. Wata ɗaliba ta ce, "To, daga nan me ya faru?" Wannan tambaya ta fi yabo amfani, domin ta nuna labarin ya kama mai sauraro. Wanda yake rubutu shi kaɗai a ɗaki ba ya samun wannan.

Labari kuwa ba sai an je birni nemansa ba. Rigimar gadon gona labari ce. Faɗuwar farashin albasa bayan an ci bashin taki labari ne. Haka tafiyar ɗa cirani.

Saboda haka kowane ɗalibi ya ware littafin rubutu guda ɗaya. Ya rubuta shafi ɗaya kafin aji na gaba, ko da kurakurai. Wanda kunya ta hana shi karantawa ya miƙa wa malam, a karanta ba tare da an faɗi sunansa ba.