Jinin da Mai Ƙuna Ke Bukata a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa



Wanda wuta ta ci sosai, ruwan jikinsa ne ke fara tsiyayewa. Zafi kan buɗe ƙananan hanyoyin jini, ruwan jinin ya riƙa zurara cikin nama da kan fatar da ta saɓule, jajayen ƙwayoyin kuwa su tsaya a ciki. Shi ya sa idan aka auna kason jajayen ƙwayoyin jini (PCV) a ranar farko sai a ga ya hau, har a ɗauka jini ya wadata, alhali kauri ya yi. Maganin wannan rana ƙarin ruwa ne. Lissafin da Charles Baxter ya fitar a asibitin Parkland na Amurka a 1968 har yau da shi ake aiki: mililita 4 na ruwan Ringa, sau nauyin mutum, sau kason jikinsa da ya ƙone. Magidanci mai kilo 60 da kashi 30 na jikinsa ya ƙone yana bukatar lita 7.2 a kwana guda, rabinta cikin awa 8 na farko. Daga lokacin da wutar ta kama ake ƙirga awannin nan, don haka wanda ya ƙone da magariba a wani ƙauyen Sabuwa, aka ji tsoron hanya har gari ya waye, ya iso asibiti da bashin ruwa a kansa. Ledar jini a wannan rana ɓarna ce, sai fa in akwai harbi ko karaya mai zubar da jini.

Abubuwan da ke kawo ƙuna a nan kowa ya san su: kaskon garwashi lokacin hunturu, tafasasshen kunu, man suyar ƙosai, ruwan wankan jego, mai farfaɗiya a bakin murhu, da gidajen da 'yan bindiga suka cinna wa wuta. Fetur ne ke kawo mutane da yawa lokaci guda. Gobarar tankar mai a Majiya ta Jihar Jigawa ranar 15 ga Oktoba 2024 ta ci mutum fiye da 150, ta mahaɗar Dikko a Jihar Neja cikin Janairu 2025 ta ci fiye da 80, kuma irin tankokin nan kullum suna bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta Sheme da 'Yankara.

Ƙarancin jini yana bayyana bayan 'yan kwanaki, ya tsananta a mako na biyu. Wasu jajayen ƙwayoyin zafin ya kashe su nan take, wasu ya rage musu kwana. Ɓargo, wanda shi ke ƙera sababbi, yakan yi sanyi muddin jiki na fama da kumburi da ƙwayoyin cuta. Kowane wankin ciwo na tafiya da jini kaɗan, kowane ɗiban jini don gwaji haka. Babbar asara tana ɗakin tiyata, lokacin da ake fere mataccen nama har sai an tarar da mai rai, a kuma yanko lafiyayyar fata a dasa. Wato bukatar jinin mai ƙuna aba ce da ake hangowa tun tana nesa, ana iya sa mata rana. Mai haihuwar da jini ya ɓalle mata ba ta da wannan gata.

A kan lokacin da za a ƙara jinin rigimar take. Tun zamanin da, likitoci da yawa sun tashi da ƙa'idar cewa idan himogulobin, wato sinadarin jajayen ƙwayoyin jini, ya sauka ƙasa da 10, ko PCV ƙasa da 30, a ɗaura jini. Har gobe akwai masu rubuta "a ƙara leda biyu" don lambar ta yi kyau a takarda. Wannan ɗabi'a ta rasa hujja tun 1999, da aka gwada marasa lafiya 838 a sassan kulawa ta musamman na Kanada aka ga jira har 7 bai ƙara mace-mace ba. Aka ce ai mai ƙuna daban yake. Sai Tina Palmieri ta Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinta suka bi bayanan mutum 666 a cibiyoyin ƙuna 21, suka wallafa a 2006 cewa kowace leda da aka ƙara tana tafe da ƙarin haɗarin kamuwa da cuta na kimanin kashi 13 cikin ɗari. Aka sake cewa ai waɗanda suka fi jigata su ake ƙara wa jini, dole su fi kamuwa.

Amsar wannan ita ce gwajin da aka sani da TRIBE, wanda aka wallafa a 2017, kuma ya kamata duk mai rubuta takardar neman jini a Jihar Katsina ya san lambobinsa. An ɗauki manya 345 a cibiyoyi 18, kowanne kashi 20 ko fiye na jikinsa ya ƙone. Ƙuri'a ta raba su biyu, don kada son ran likita ya shiga. Rukuni ɗaya ana ƙara musu jini da zarar himogulobin ya gaza 10, ɗayan sai ya gaza 7. Da aka jera su, na tsakiya a rukunin farko ya sha leda 16, na tsakiya a rukuni na biyu leda 8. Rabi ke nan cif. Cutar da ke shiga jini ba ta fi yawa a masu leda 8 ba. Mace-mace bai ƙaru ba, warkewar ciwo ba ta yi jinkiri ba, zaman asibiti bai yi tsawo ba. A asibitocin da firij ke cike aka gano haka. A yankin da leda ɗaya ke tsakanin mai ƙuna da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya tsotse a damina, da mai sikila, da mai naƙuda, ledar da aka ƙara ba bisa larura ba daga hannun wani aka fizge ta.

Masu jayayya suna cewa Ba'amurke mai ƙoshi aka gwada, mutumin Faskari kuwa da ƙarancin jininsa ya zo. To, in haka ne zai riga Ba'amurke kaiwa 7, a ƙara masa a lokacin. Mai zubar jini, da mai ciwon zuciya, da mai haki, da ƙananan yara, hukuncinsu na wurin likitan da ke tsaye a kansu, ba wanda ya yi musun wannan.

Amma leda 8 ɗin ma abin dubawa ce. Leda ɗaya mililita 450 ce daga mutum ɗaya, wanda ba zai sake bayarwa ba sai bayan wata uku, kuma ba ta ɗaga himogulobin babba fiye da maki ɗaya. Tsarin da aka dogara a kai shi ne "a kira 'yan uwa". Ranar farko harabar asibiti kan cika da dangi, lokacin da ba a bukatar jininsu. Mako na biyu, sa'ad da bukatar ta zo, an koma gona, kuɗin mota ya ƙare, saura tsohuwa mai jinya. Idan an tura majinyacin Funtuwa, ko Shika, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ko Dala a Kano, dangin sun ƙara nisa. Daga nan sai masu sayar da jini na bakin ƙofa, waɗanda suka fi kowa dalilin ɓoye ciwonsu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana cinikin jini, an kafa hukumar jini ta ƙasa da doka a 2021, amma doka ba ta sanyaya leda.

Jini yana so a ajiye shi tsakanin digiri 2 da 6, ya kai kwana 35. Firij ɗin jini mai aiki da sola, da kayan gwajin ƙanjamau da ciwon hanta iri biyu da tunjere, da ma'aikacin ɗakin gwaji mai kwana a bakin aiki, kuɗinsu bai kai na katangar da ake zagaye asibiti da ita ba. Jami'an da ke tsara kasafi sun fi son abin da ake yanka wa kirtani, wannan kuwa kuskure ne mai cin rai. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya leda 10 ne ga kowane mutum 1,000 a shekara, wato ƙaramar hukuma mai mutum 200,000 leda 2,000 take bukata. Ana samun wannan daga rajistar masu bayarwa don Allah, kowa da rukunin jininsa da lambar wayarsa, a hannun 'yan agaji da ƙungiyoyin direbobi da 'yan sintiri, limamai kuma su faɗa a huɗuba cewa bayar da jini sadaka ce. Dangin da suka cika harabar ranar farko, a ɗibi jininsu a ranar, a ajiye.

Sauran aikin na cikin asibiti ne: a ɗaure gaɓa kafin a fere, a yi amfani da adiranalin, a raba tiyata kashi-kashi, a rage ɗiban jini don gwajin da ba zai sauya magani ba, a kashe zazzaɓi da tsutsar ciki, a ciyar da majinyaci ƙwai da wake da madara tun daga kwanakin farko. Shugabannin asibitocin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su rubuta lamba 7 a takardar neman jini, duk wanda zai ƙara wa babba mai ƙuna jini a sama da haka ya rubuta dalilinsa ya sa hannu.